Wa Ke Biyan Kuɗin Kiran 911?

Ranar 10 ga Nuwamba, 1935 gobara ta tashi a wani gida da ke titin Wimpole a tsakiyar Landan, ta ci rayukan mata biyar. Wani maƙwabcinsu, likitan haƙori, ya ɗauki tarho don ya kira 'yan kwana-kwana, amma ya yi ta jira ba wanda ya ɗauka. A wancan zamani mai neman agaji ta hannun ma'aikaciyar haɗa waya yake bi, ita kuwa ba ta da yadda za ta bambanta kiran mai son gaisawa da ɗan'uwansa da kiran wanda wuta ke cin gidansa. Wanda ya riga, shi ake fara saurara. Takaici ya sa mutumin ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa, magana ta kai majalisa, aka kafa kwamitin bincike. Ranar 30 ga Yuni, 1937 aka buɗe lambar 999 ga mazauna Landan da kewayenta, mil 12 ta kowace fuska daga Oxford Circus. Da an buga ta, sai jar fitila ta kama a ɗakin haɗa waya, jiniya ta ɗau kuka, a ajiye kowane kira a amsa wannan. Glasgow ta bi sahu a 1938.

Batun kuɗi bai tayar da ƙura a Birtaniya ba, kuma dalilin a fili yake. A lokacin hukumar gidan waya ta gwamnati ita ce ke da layukan tarho, ita ke biyan ma'aikatan haɗa waya. Hannun da ya yanke shawara shi ne hannun da ke riƙe da jaka. A Amurka ne al'amarin ya zo da wata fuska, kuma tarihin can ya fi cancantar a zauna a kansa, domin a can ne aka ga abin da ke faruwa idan an ba jama'a lamba tun ba a tsayar da wanda zai ciyar da ita ba.

Tarho a Amurka ba na gwamnati ba ne. Kamfanin AT&T ne ke riƙe da mafi yawan layuka a wancan zamani, sauran kuma suna hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da ke hidima wa ƙauyuka da ƙananan garuruwa. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana su ma ba na tarayya ba ne: kowane gari da nasa, kowace gunduma da nata, kowa da lambarsa mai tsawo. Baƙon da hatsari ya rutsa da shi a garin da bai sani ba, sai ya laluba littafin lambobi ko ya roƙi ma'aikaciyar haɗa waya. Shugabannin 'yan kwana-kwana sun nemi a samar da lamba guda tun 1957, garin Winnipeg na Kanada kuma ya fara amfani da 999 a 1959, amma sai a 1967 maganar ta samu nauyi, lokacin da kwamitin da Shugaba Lyndon Johnson ya kafa kan aikata laifuka ya ba da shawarar a ware lamba ɗaya da za a riƙa kiran 'yan sanda da ita ko'ina a ƙasar. Ranar 12 ga Janairu, 1968 AT&T ya sanar da cewa ya zaɓi 911.

Shugaban wani ƙaramin kamfani a jihar Alabama, Bob Gallagher, a jarida ya karanta labarin, kuma bai ji daɗin yadda aka yanke shawara ba tare da an tuntuɓi irinsu ba. Ya ƙudura sai ya riga babban kamfanin. Ma'aikatansa suka gyara na'urorin garin Haleyville, kuma ranar 16 ga Fabrairu, kwana 35 kacal bayan sanarwar, kakakin majalisar dokokin jihar, Rankin Fite, ya buga 911 daga ofishin magajin gari, ɗan majalisar tarayya Tom Bevill ya ɗauki wata jar waya a ofishin 'yan sanda ya amsa. Har yau garin yana alfahari da wannan rana.

Saurin da aka yi a Haleyville ya nuna abu guda: ware lamba ba shi da tsada. Kamfani ya juya na'urorinsa, kira ya sauka a teburin da ɗan sanda ke zaune dama, shi ke nan. Abin da AT&T ya bayar lamba ce kawai. Wanda zai zauna dare da rana yana amsawa, ɗakin da zai zauna, rediyon da zai tura mota da shi, duk an bar wa garuruwa su ji da su. Gwamnatin tarayya ta yi ta ƙarfafa gwiwa, fadar shugaban ƙasa ma ta fitar da sanarwar goyon baya a 1973, amma ba ta tilasta wa kowa ba, ba ta kuma ɗauki nauyin kowa ba. Sakamakon haka lambar ta yi tafiyar hawainiya. A 1979 kusan kashi 26 cikin ɗari na jama'a ne kawai ke iya kiranta. Sai a 1987 ta kai rabin ƙasar. Dokar da ta ayyana 911 a matsayin lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuwa, sai a 1999 Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu, shekara 31 bayan kiran Haleyville.

A tsakanin nan ne tsada ta gaskiya ta shigo. Masu amsa kira sun gano cewa mutumin da ke cikin firgici sau da yawa ba ya iya faɗin inda yake. Yaro ƙarami bai san sunan titinsu ba, wanda bugun zuciya ya kama ba ya iya magana, matar da ɓarawo ke cikin gidanta raɗa kawai za ta iya yi. Ga kuma wata matsala: iyakokin layukan kamfanin waya ba su dace da iyakokin garuruwa ba, don haka kira yakan faɗa wa 'yan sandan da ba su da hurumi a unguwar. Maganin da aka samo shi ne tsarin da ke tura kowane kira cibiyar da ta dace, ya kuma nuna wa mai amsawa lambar mai kira da adireshin gidansa a kan allo. Gundumar Alameda ta Kalifoniya na cikin wuraren da aka fara gwada shi a 1978. Wannan kuwa yana bukatar na'urori na musamman, da rumbun adireshi da ake sabunta shi kullum, da layuka da ake biya wa haya duk wata. A yankunan karkara ma sai da aka bi gida-gida ana ba tituna suna, ana manna wa gidaje lamba, domin da yawansu ba su da adireshin da mota za ta bi.

Daga nan aka ƙirƙiro hanyar da har yau ita ce ginshiƙin tsarin: ɗan ƙaramin haraji a kan takardar kuɗin waya ta wata-wata. Kalifoniya ta kafa dokar tilasta 911 a 1972, ta biyo da harajinsa bayan 'yan shekaru, sauran jihohi suka yi ta kwaikwayo, kowace da adadinta. Wata jihar santi kaɗan take karɓa a kan kowane layi, wata ta haura dala ɗaya. A ganina dabarar tana da kyau a asalinta. Duk mai waya zai iya bukatar kiran wata rana, don haka kowa ya ba da kaɗan. Kuma an rubuta sunan harajin ƙarara a kan takarda, mai biya ya san abin da ya biya dominsa. Alkawari ne tsakanin gwamnati da talaka, a rubuce, ana sabunta shi duk wata.

Sai dai tun farko harajin bai taɓa ɗaukar dukan nauyin ba. A wurare da yawa na'urori da layuka yake biya, albashin ma'aikata kuwa, wanda shi ne ya fi cin kuɗi, daga asusun ƙaramar hukuma yake fitowa. Gunduma mai arziki sai ta samu cibiya mai kyau, maƙwabciyarta matalauciya ta yi ta fama da tsofaffin kaya da ma'aikaci ɗaya a cikin dare. Lambar ɗaya ce a ko'ina, amma abin da mai kira zai tarar a bayanta ya danganta da inda tsautsayi ya same shi.

Zuwan wayar salula ya girgiza komai. Layin gida yana da adireshi, wayar hannu ba ta da shi. A 1996 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta umarci kamfanoni da su fara aika wa cibiyoyi bayanin inda mai kira yake: da farko lambarsa da ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran, daga baya kuma wurin da yake tsaye. Amma akwai sharaɗi. Kamfani ba zai aika ba sai cibiyar ta nema, kuma ta tanadi na'urar karɓa. Wato dai magana ta sake komawa kan kuɗin jihohi da gundumomi.

Jihar New York ta fara karɓar haraji a kan wayoyin salula tun 1991, santi 70 a wata, aka ɗaga shi zuwa dala 1.20 a 2002. Binciken da ofishin mai kula da asusun jihar ya yi ya nuna cewa an riƙa kashe kuɗin a kan hidimomin yau da kullum na 'yan sandan jiha, har da wankin kaya da tafiye-tafiye. A cikin Janairun 2003, cikin tsananin sanyi, wasu samari huɗu suka shiga ƙaramin kwalekwale daga tsibirin City Island. Ruwa ya fara shigar musu, ɗayansu ya kira 911, kiran ya yi daƙiƙa 12 ya yanke. Allon cibiyar bai nuna inda suke ba, ba a kuma tura 'yan sandan ruwa a daren ba. Dukansu suka mutu. An ga laifin ma'aikatan da suka karɓi kiran, kuma da gaskiya sun yi sakaci. Amma mutanen jihar sun shekara goma sha biyu suna biyan kuɗin na'urar da ba a saya ba, kuma wannan laifin ba na ma'aikacin da ke kan kujera ba ne.

A shekarar 2003 ɗin ce wasu 'yan majalisar tarayya, cikinsu har da Hillary Clinton da Conrad Burns, suka haɗa ƙungiyar kare muradun 911, aka yi wata doka a 2004, aka kuma yi wata a 2008 wadda ta wajabta wa FCC ta riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara: nawa kowace jiha ta tara, ina kuma ta kai shi. Rahotannin nan ne suka fito da girman ɓarnar. A 2017 jihohi sun tara kusan dala biliyan 3, aka karkatar da kimanin miliyan 285 zuwa wasu abubuwa, kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan. Sunayen da suka yi ta maimaituwa su ne New York da New Jersey da Rhode Island. A New York dokar jihar ce da kanta ta tanadi a zuba sama da kashi 40 cikin ɗari a babban asusun gwamnati. New Jersey tana karɓar santi 90 a kan kowane layi tun 2004, mafi yawansa kuma ba ya isa ga cibiyoyin amsa kira na gundumomi.

Jihohin suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa kuɗin ai harkar tsaro ake yi da shi: 'yan sandan jiha, hukumomin agaji, rediyon jami'an tsaro. Me amfanin amsa kira in babu ɗan sandan da za a tura? Tambayar tana da ƙarfi, amma ba ta wanke su ba. In gwamnati na son kuɗin 'yan sanda, ta fito fili ta nema da sunan 'yan sanda, majalisa ta yi muhawara, jama'a su sani. Karɓar kuɗi da sunan 911 saboda an san ba wanda zai yi gardamar biyansa, sannan a juya shi wani wuri, cin amana ne ko da wurin da aka kai shi halattacce ne. Michael O'Rielly, wanda a lokacin yake ɗaya daga cikin kwamishinonin FCC, ya shafe shekaru yana rubuta wa gwamnoni wasiƙu yana kiran sunayen jihohinsu a bainar jama'a. Makamin da ke hannun tarayya bai wuce hana jiha tallafi ba, tallafin kuwa ƙanƙani ne: wanda aka raba a 2019 dala miliyan 109 ne ga ƙasar gaba ɗaya, alhali New Jersey ita kaɗai tana tara fiye da miliyan 100 duk shekara. Duk mai lissafi ya san wanda jiha za ta zaɓa. Rhode Island dai ta gyara dokarta a 2019, ta keɓe wa kuɗin asusu na daban, FCC kuma ta fitar da ƙa'idoji a 2021 da suka fayyace abin da ya halatta a kashe harajin a kai.

Ko inda ba a karkatar da ko sisi ba, harajin ya riƙa yoyo ta wata kafa. Mutane sun yi ta cire layukan gida, waɗanda a kansu aka gina lissafin tun farko. Masu sayen katin waya ba su da takardar wata-wata, sai da jihohi suka koma karɓa a kanti lokacin sayen katin. Kalifoniya, wadda ke yankar wani kaso daga kuɗin kiran murya, ta ga asusunta yana ƙafewa saboda jama'a sun koma aika saƙo da amfani da intanet, dole ta sauya zuwa tsayayyen adadi a kan kowane layi a 2019.

Duk wannan magana ce ta na'ura da asusu. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne mutumin da ke sanye da abin sauraro a kunne. Ana ƙiyasta kiran 911 ya kai miliyan 240 a shekara, ana amsa su a cibiyoyi kusan dubu shida. Mai amsa kira shi ne ke koya wa uwa yadda za ta danna ƙirjin jaririnta kafin motar asibiti ta iso, shi ke jin ƙarar harbi ta cikin waya, shi ke riƙe wanda ke shirin kashe kansa da magana. Kira na yankewa wani ya shigo, kuma sau da yawa ba ya taɓa jin yadda na farkon ya ƙare. Duk da haka jadawalin ayyuka na gwamnatin tarayya ya sa su a rukunin ma'aikatan ofis, tare da akawu da sakatarori, ba a rukunin masu aikin ceto ba. 'Yar majalisa Norma Torres, wadda ta yi shekara 17 tana amsa kiran 911 a Los Angeles kafin ta shiga majalisa, ta sha gabatar da ƙudurin gyara wannan. Ba suna kawai ake nema ba. Rukunin da aka sa ma'aikaci yana tasiri a kan albashinsa, da horon da za a ba shi, da ko za a kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Cibiyoyi da yawa suna fama da ƙarancin ma'aikata, waɗanda suka rage ana tilasta musu ƙarin awoyi har su ma su gaji su tafi.

Yawan cibiyoyin ma kansa matsala ne da tarihin ya haifar, tun da kowane gari shi ya gina tasa. A ƙarshen 2014 wata mata mai rarraba jaridu a jihar Jojiya ta faɗa tafki da motarta kafin asuba. Ta kira, ta faɗi sunan titin daidai, har ta jero haruffansa. Amma ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran ya tura shi gundumar maƙwabta, taswirar ma'aikaciyar kuma ba ta da wannan titi. Kafin a gano wurin kusan minti ashirin sun wuce, matar ba ta rayu ba. Finlan ta ɗauki wata hanya daban: hukuma ɗaya ta ƙasa, kuɗinta daga kasafin gwamnati, cibiyoyi shida kacal da ke haɗe da juna, ma'aikaci ɗaya ke karɓar kira ya tura 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Ƙasar ƙarama ce, ba a kwatanta ta da Amurka kai tsaye, amma ta nuna cewa rarrabuwar zaɓi ce da aka yi, ba ƙaddara ba.

Tattara komai wuri guda kuma yana da nasa haɗarin, musamman in an miƙa shi ga ɗan kwangila. A Afrilun 2014 wata manhaja a cibiyar kamfanin Intrado da ke Kolorado ta kai iyakar ƙidayar da aka sa mata, miliyan 40, ta daina karɓar kira. Mutum miliyan 11 a jihohi bakwai suka rasa 911 na kimanin awa shida, jihar Washington gaba ɗayanta na ciki, kira sama da 6,600 suka tafi a banza. FCC ta ci tarar kamfanin CenturyLink, wanda ya ba Intrado kwangilar, dala miliyan 16. A Birtaniya ma, inda kamfanin BT ya gaji aikin karɓar kiran 999 bayan an sayar da harkar waya ga 'yan kasuwa, tsarin ya samu tangarɗa ranar 25 ga Yuni, 2023, kira kusan 14,000 suka kasa shiga, hukumar kula da sadarwa, Ofcom, ta ci tararsa fam miliyan 17.5.

Aikin da ke gaban Amurka yanzu shi ne mayar da tsarin kacokan kan intanet, yadda cibiya za ta karɓi saƙo da hoto da bidiyo, ta kuma miƙa kira ga maƙwabciyarta tare da dukan bayanansa. Wani rahoto da aka kai wa majalisa a 2018 ya ƙiyasta zai ci tsakanin dala biliyan 9.5 da 12.7 cikin shekara goma. Majalisar wakilai ta amince a 2022 a ware har biliyan 10 daga kuɗin gwanjon zangon sadarwa, amma ƙudurin bai tsallake majalisar dattawa ba. Jihohi suka ci gaba da yi kowa gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aka faro a 1968.

Najeriya ta shigo wannan hanya da lambar 112, wadda Turai ta ɗauka a 1991, kuma tsarinta ya fi kama da na Landan a wani ɓangare, ya fi kama da na Amurka a wani. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, alhakin samar da lambar gaggawa, hukumar kuma ta riƙa gina cibiyoyi jiha-jiha, aka buɗe ta Katsina a 2019, ta Abuja a Maris 2020. Harajin takardar wata-wata irin na Amurka ba zai zauna a nan ba, tun da kusan kowa kati yake sawa. Kuɗin NCC daga kason da kamfanonin waya ke biyanta duk shekara yake fitowa, kuma wannan ya sauƙaƙa batun ginin cibiya da na'urorinta. Amma cibiyar karɓar kira take yi ta miƙa. 'Yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, masu tasu lambar 122, na tarayya ne. Motocin kashe gobara da na asibiti kuwa galibi na jihohi ne. Dokar lafiya ta 2014 ta keɓe kashi 5 cikin ɗari na asusun kiwon lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa, wanda abin a yaba ne, sai dai man da motar kwana-kwana za ta sha, da ruwan da ke cikin tankinta, da albashin direban da zai kwana a bakin aiki, suna cikin kasafin kuɗin da majalisun jihohi ke zartarwa duk shekara. Can ne ya kamata 'yan jarida da masu zaɓe a Kano da Sakkwato da Bauci su riƙa duba nawa aka ware, nawa kuma aka saki.